Me ke hana sabuwar manhaja magana da sabarta a ranar ƙaddamarwa?

Duk ma'aikacin da ya taɓa kasancewa a ofis ranar da hukumarsa ta buɗe sabon shafin intanet ya san yadda lamarin kan kasance. An shafe makonni ana gwaji, ɗan kwangila ya nuna wa darakta komai a kan kwamfutarsa, an yaba masa. Da aka sanar wa jama'a adireshin, shafin ya buɗe tsaf da tambarin hukuma, amma da zarar mai neman aiki ya cike fom ya danna maɓallin turawa, sai 'yar da'ira ta kama juyawa ba ji ba gani. Haka abin ke faruwa da ɗan kasuwar da ya biya aka gina masa shagon intanet: hotunan kaya sun fito, kuɗi kuwa ba sa shiga. Idan aka kira injiniya, amsarsa ba ta wuce "wallahi a kwamfutata yana aiki" ba. Kuma galibi gaskiya ya faɗa.

Abin da jama'a ke kira shafi ko manhaja ba abu ɗaya ba ne. Akwai ɓangaren da ke sauka cikin wayar mai amfani, wato fom da maɓallai da launuka. Akwai ɓangaren da ke zaune a kan wata babbar kwamfuta mai suna saba, wanda shi ne ke karɓar buƙata ya yi lissafi ya mayar da amsa. A bayan saba kuma akwai rumbun bayanai, inda ake ajiye sunaye da farashi da tarihin ciniki. Lokacin da injiniya ke gini, duka ukun suna cikin kwamfutarsa ɗaya, tamkar mai shago a Kantin Kwari da sitonsa ke manne da shagon, idan ya buƙaci bandir sai ya miƙa hannu. Ranar ƙaddamarwa ake raba su. Sito ya koma wata unguwa, wataƙila ma cibiyar ajiyar bayanai a Legas ko Jamus ko Amurka, kuma dole yaron shago ya san adireshi, ya sami hanya a buɗe, mai gadi ya yarda da shi, sannan ya tarar da wani a ciki. Kowanne daga cikin waɗannan yana iya lalacewa shi kaɗai, kuma a idon mai waya duk kamanninsu ɗaya: abu ya ƙi yi.

Adireshin da aka manta ba a canza ba

Kuskuren da ya fi yawa shi ne kuma ya fi ban haushi. A tsarin intanet akwai lambar adireshi ta musamman, 127.0.0.1, wadda ma'anarta ita ce "wannan na'urar da ake kai yanzu". Da ita injiniya ke haɗa sassan manhaja lokacin gini. Idan ya manta ya bar ta a ɓangaren da ke sauka cikin waya, to wayar kowane mai saye za ta riƙa neman saba a cikin kanta, ba za ta kuma samu ba. A kwamfutar injiniyan kuwa komai zai ci gaba da tafiya daidai, domin a can sabar gwajin tana nan a kunne. Shi ya sa musu kan yi tsawo tsakanin mai aiki da mai kwangila, kowa yana rantsuwa kan abin da idonsa ya gani.

Kuskuren yana da ɗan'uwa a ɗaya ɓangaren. Manhajar da ke kan saba tana iya kasancewa a kunne, amma an saita ta ta saurari kiran cikin gida kaɗai, don haka duk wanda ya zo daga waje ba za ta ji shi ba. Sai kuma batun kalmomin sirri. Ƙa'idar aiki ta hana rubuta kalmar sirrin rumbun bayanai ko mabuɗin kamfanin karɓar kuɗi a cikin rubutun manhaja, ana ajiye su a wani fayil na daban. Ƙa'ida ce mai kyau, sai dai wannan fayil ɗin shi ne aka fi mantawa a baya ranar ƙaura, ko kuma a tafi da mabuɗin gwaji a maimakon na ainihi.

Suna da lamba

Kwamfuta ba ta san suna ba, lamba ta sani. Tsarin da ke juya sunan shafi zuwa lambar saba shi ake kira DNS, kuma a Najeriya ƙungiyar NiRA ce ke kula da rajistar sunayen da suka ƙare da .ng. Idan aka mayar da shafi kan sabuwar saba, wajibi ne a canza lambar da ke gaban sunan. Matsalar ita ce kamfanonin sadarwa da wayoyi suna riƙe tsohuwar amsa na wani lokaci don rage wahalar tambaya, saboda haka a rana ɗaya mai layin wani kamfani zai ga sabon shafi, maƙwabcinsa mai wani layin kuma yana ta ƙwanƙwasa ƙofar tsohon gida. Injiniyan da ya san aikinsa yakan rage wa'adin riƙe amsar kwana ɗaya ko biyu kafin ƙaura, ya kuma bar tsohuwar saba a kunne har ƙura ta lafa.

Ba ƙananan kamfanoni kaɗai wannan ke kayarwa ba. Da yammacin Litinin 4 ga Oktoba 2021, Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɓace daga intanet na kimanin sa'o'i shida. Kamfanin ya bayyana cewa wani umarni da aka bayar yayin aikin gyara na yau da kullum ne ya katse hanyoyin da ke haɗa cibiyoyin bayanansa, daga nan sabobinsa na DNS suka janye sanarwar da ke nuna wa duniya hanyar zuwa gare su. Bayanan mutane suna nan lafiya, hanyar isa gare su ce ta ɓace. Har kayan aikin da injiniyoyin ke amfani da su wajen gyara daga nesa sun tafi tare da ita, sai da aka tura mutane cibiyoyin da ƙafarsu. 'Yan kasuwar da cinikinsu ya dogara ga WhatsApp ba su manta wannan daren ba.

An ƙi, ko an yi shiru?

A nan ne ake gane gwanin bincike da mai laluben duhu. Idan haɗi ya gaza, saƙon da ke fitowa yakan kasance ɗaya cikin biyu: ko dai a ce an ƙi karɓar haɗin, ko a ce lokacin jira ya ƙare. Mai waya ba ya bambance su, amma labarinsu ba ɗaya ba ne.

Kowace saba tana da ƙofofi masu lamba. Shafi maras kariya yana bi ta 80, mai kariya ta 443, rumbun MySQL ya saba zama a 3306, na PostgreSQL a 5432. Idan amsa ta dawo nan take cewa an ƙi, to saƙo ya isa gidan, an sami ƙofar, babu kowa a bayanta. Ma'ana manhajar ba ta tashi ba, ko ta tashi ta faɗi, ko tana jira a wata ƙofa daban. Idan kuwa aka yi ta jira shiru har lokaci ya ƙare, to saƙon bai isa ba, ko an haɗiye shi a hanya. Mafi yawan lokuta katangar tsaro ce, domin aikinta shi ne ta watsar da duk baƙon da ba a rubuta sunansa ba, ba tare da ta ce masa uffan ba. Wasu kamfanonin da ke ba da hayar saba suna rufe kusan dukkan ƙofofi tun farko, sai mai haya ya buɗe waɗanda yake buƙata. Injiniyan da ya ga shiru ya koma yana tonon rubutun manhaja, ɓata dare kawai zai yi.

Akwai wata mummunar dabara da gaggawa ke jawowa a nan, wato a buɗe dukkan ƙofofi ga kowa don a ga ko abin zai yi. Yakan yi ɗin. Sai a manta ba a rufe ba, rumbun da ke ɗauke da sunaye da lambobin wayar jama'a ya zauna a buɗe ga duk mai yawon neman ƙofar da ba a kulle ba, alhali irin waɗannan na'urori masu lalube ba sa barci.

Abin da lambobin kuskure ke faɗa

Idan saba ta amsa amma da lambar kuskure, an sami ci gaba, domin aƙalla hanya a buɗe take. Lamba 404 na nufin ba a sami abin da aka nema a wannan adireshin ba, 403 an hana shiga, 500 kuma manhajar ce ta yi tuntuɓe a cikin aikinta. Waɗanda suka fi fitowa ranar ƙaddamarwa su ne 502 da 503 da 504. Dalili shi ne yawancin shafuka suna da mai tsaron gaba, wata manhaja irin su Nginx ko Apache, wadda ke karɓar baƙi ta miƙa buƙatunsu ga ainihin manhajar da ke ciki. Idan ta leƙa ciki ba ta sami amsa mai ma'ana ba sai ta ce 502. Idan aiki ya yi yawa ko an dakatar da shi, 503. Idan ta jira har ta gaji, 504, kuma Nginx daƙiƙa 60 take jira matuƙar ba a canza mata ba.

Ita 504 ɗin tana da haɗari ga mai biyan kuɗi. Mai tsaron gaba ne ya gaji da jira, ba lallai ne aikin ya tsaya a ciki ba. Mai yiwuwa an riga an cire kuɗin, amsar ce ba ta dawo ba. Wanda ya sake danna maɓallin biya sau uku cikin fushi yana iya wayar gari da cirewa uku. Abin da ya fi shi ne ya duba asusunsa tukuna, ya ɗauki hoton saƙon, ya rubuta lokacin da abin ya faru.

Wani lokaci kuma saba lafiya take, burauzar da ke cikin waya ce ke hanawa. Idan takardar shaidar tsaron shafi ta ƙare, ko sunan da ke kanta bai yi daidai da na shafin ba, burauza za ta ja da baya. Takardun kyauta na Let's Encrypt kwana 90 suka saba yi, kuma idan tsarin sabunta su da kansu bai biyo ƙaura ba, shafin zai mutu bayan wata uku ba tare da kowa ya taɓa shi ba. Ko Microsoft ta taɓa faɗawa wannan rami a watan Fabrairun 2020, lokacin da manhajar Teams ta tsaya na wasu sa'o'i saboda takardar da aka manta ba a sabunta ba. Haka nan burauza ba ta barin shafi mai kariya ya ɗauko bayanai ta hanya maras kariya, ba ta kuma barin shafin wani suna ya karanta amsar sabar wani suna sai sabar ta bayyana izini, ƙa'idar da ake kira CORS.

Yana yi, ba ya yi

Mafi wuyar ganewa ita ce matsalar da ke zuwa tana tafiya. Tushenta na farko cunkoso ne. Rumbun PostgreSQL, alal misali, haɗi 100 yake karɓa a lokaci guda idan ba a ƙara masa ba, adadin da mutum biyar masu gwaji ba za su taɓa kaiwa ba, amma dubban masu neman aiki za su cike shi cikin ƙiftawar ido. Lokacin da gwamnatin Amurka ta buɗe shafin inshorar lafiya na HealthCare.gov a ranar 1 ga Oktoba 2013, jama'a sun maƙale ne tun a matakin buɗe asusu, kuma takardun cikin gida da wani kwamitin majalisar wakilai ya fitar daga baya sun nuna cewa mutum shida kacal suka kammala rajista a ranar farko.

Tushe na biyu shi ne ƙaurar da ba ta kammala ba. Manyan shafuka suna raba aiki tsakanin sabobi da yawa, kuma idan ɗaya ta tsaya kan tsohon rubutu, duk wanda rabo ya kai shi gare ta zai ga kuskure, na kusa da shi kuma ya wuce lafiya. Kamfanin hada-hadar hannayen jari na Knight Capital a Amurka ya ɗora sabon rubutu a kan sabobinsa bakwai cikin takwas, aka tsallake ɗaya. Da aka buɗe kasuwa ranar 1 ga Agusta 2012, wannan ɗayar ta riƙa aika umarnin saye da sayarwa barkatai, cikin kimanin minti 45 kamfanin ya tafka asarar da ya ƙiyasta a dala miliyan 440. Hukumar kula da kasuwar hannayen jari ta ƙasar ta gano cewa babu wani injiniya na biyu da ya duba aikin.

Hanyar bincike ba ta da wani sirri. Ana farawa daga waje a shiga ciki: sunan yana kaiwa ga lambar da ta dace, ƙofar tana amsawa, mai tsaron gaba yana ganin manhaja, manhaja tana ganin rumbu. Kowane mataki yana da kundin da yake rubuta abin da ya same shi da lokacinsa, shi ya sa ƙorafin da ya zo da sa'a da minti da lambar kuskure ya fi "shafinku ba ya yi" amfani nesa ba kusa ba. Ana canza abu ɗaya a gwada kafin a taɓa na biyu. Ya kuma kamata a tabbatar laifin ba daga babbar hanya yake ba, kamar ranar 14 ga Maris 2024 da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gabar Afirka ta Yamma, harkokin bankuna da sadarwa suka tangarɗe a Najeriya da Ghana da maƙwabtansu.

Daraktan da zai sa hannu a takardar karɓar aiki ba ya buƙatar iya rubuta manhaja kafin ya yi tambayoyin da suka dace. Ya tambaya ko an gwada shafin a wayar da ba ta injiniya ba, a kan layin waya ba intanet ɗin ofis ba, da kuma minti nawa za a ɗauka a koma tsohon tsari idan sabon ya ƙi. Ya ƙi yarda da ƙaddamarwa ranar Juma'a da yamma, lokacin da masu gyara ke shirin tafiya hutun mako. Sannan ya nemi ganin sunan wanda aka yi rajistar adireshin shafin da asusun hayar saba da shi, domin idan suna hannun ɗan kwangila shi kaɗai, ranar da takardar tsaro ta ƙare kuma wayarsa na kashe, babu wani a hukumar da zai iya sabunta ta.