Fasfon matar gida ya ɓata a hanya: abin da ake faɗa a Bagudo da abin da doka ta ce

Daga Tsamiya zuwa Segbana ba tafiyar da ake yi wa guzuri ba ce, haka ma daga Lolo zuwa garuruwan da ke tsallaken iyaka a bakin kogin Kwara. Yarjejeniyar da Ingila da Faransa suka ƙulla a 1898 ta tsaga ƙasar Bargu gida biyu, amma dangantaka ta ci gaba da tafiya yadda ta saba. Har yau Dandawa da Busawa da Kyangawa da Fulani da Hausawan ƙaramar hukumar Bagudo suna kai goron aure yankin Alibori na Jamhuriyar Benin, a ba su, su ma su bayar. Galibin matan da aka kawo ta wannan hanya sukan haihu har su aurar babu wanda ya tambaye su takarda. Sai ran da tafiya ta taso, Umara ko asibiti a ƙasar waje ko bin miji inda neman abinci ya kai shi, a yi wa matar fasfo a ƙasarsu, a aika shi wani ofishi ta gidan waya ko a danƙa wa direba a tasha, kwanaki su shuɗe saƙo bai isa ba. Daga nan kowa a majalisa ya zama lauya, maigida kuma ya dawo gida da shawara goma, rabinsu masu jefa iyalinsa cikin masifar da ta fi ɓatan fasfon.

Maganar da ta fi tayar da hankali ita ce wai da zarar jami'an shige da fice sun ji labari za su zo su kama ta su tsallakar da ita. Wannan tsoro yana da tushe. Dattawa ba su manta da watan Janairun 1983 ba, lokacin da gwamnatin Shehu Shagari ta umarci baƙin da ba su da takardu su fice, aka kuma sake irinsa a 1985. Matasa kuma sun ga rufe iyaka na watan Agustan 2019 da idonsu. Amma ɓatan takarda a hannun mai ɗaukar saƙo ba laifi ba ne a dokar shige da fice ta 2015, kuma korar mutum daga ƙasa a hukumance tana da matakai, ba a yinta don jami'i ya ga dama. Abin da yake gaskiya a ciki shi ne, wanda aka tare a shinge ba shi da komai a hannu, kuma bai iya bayanin yadda aka yi ba, yana iya shan tsarewa, har a mayar da shi tsallake. Shingaye kuwa sun ƙaru a 'yan shekarun nan saboda matsalar tsaro a ɓangarorin iyakar biyu. Ke nan maganin shi ne a riga su magana: a je ofishin 'yan sanda mafi kusa a ba da rahoto a karɓi takardar shaidar rahoton, a je kotu a yi takardar rantsuwa cewa fasfo mai lamba kaza ya ɓata ranar kaza ta hanya kaza. Mace mai waɗannan takardu biyu a jakarta tana da abin nunawa. Wadda aka ɓoye a ɗaki don tsoro ba ta da shi.

Zancen biza kuma, ga 'yar Benin, babu shi tun asali. Yarjejeniyar zirga-zirga ta ECOWAS da aka sa wa hannu a 1979 ta ba ɗan kowace ƙasa ta ƙungiyar damar shiga wata ba tare da biza ba, ya zauna har kwana 90, muddin yana da sahihiyar takardar tafiya da katin riga-kafi. Duk wanda ya ce a kawo kuɗi a sabunta mata bizar Najeriya da ta ɓata, ƙarya yake yi. Sai dai rabin da mutane ba sa so su ji shi ne, bayan kwana 90 ɗin ana bukatar katin zama na 'yan ECOWAS, wanda hukumar shige da fice ke bayarwa, kuma ofishinta na jiha yana Birnin Kebbi. Mata da yawa sun shekara ashirin a Illo ko Ka'oje ba su taɓa jin sunan katin ba. Ɓatan fasfo bai jawo wannan giɓin ba, tona shi kawai ya yi, kuma gara a cike shi yanzu da aka riga aka shiga harkar takardu.

Matan da suka fito daga Gaya ko Doso a Jamhuriyar Nijar lamarinsu ya ɗan bambanta, tunda Nijar da Mali da Burkina Faso sun fita daga ECOWAS a ranar 29 ga Janairun 2025. A lokacin ƙungiyar ta sanar cewa za a ci gaba da karɓar fasfo da katin shaidarsu, su kuma ci gaba da shige da fice ba biza har zuwa wata sanarwa. Wadda kuwa ta zo daga Sudan ko Masar ko Pakistan, ita tana da biza da katin zama na baƙi, kuma bayananta suna nan a kundin hukuma ko da katin ya salwanta. Neman a sake buga mata za a yi.

Yanzu ga shawarar da ta fi kowacce haɗari, domin da fuskar taimako take zuwa. Za a ce, “Haba Alhaji, ai ta zama tamu. 'Ya'yanta nawa a gidanka? Kawo a karɓo mata takardar 'yar asalin ƙaramar hukuma, a yi mata na Najeriya kawai, wa zai sani?” Ni ma na yarda ta zama tamu, a zumunci da addini da zaman tare. Amma aure shi kaɗai ba ya mayar da mace 'yar Najeriya a doka. Sashe na 26 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba matar da ta auri ɗan Najeriya damar neman zama 'yar ƙasa ta hanyar rajista. Nema ake yi, ta ma'aikatar harkokin cikin gida, da takardar shaidar aure da sauran hujjoji, ta yi rantsuwar biyayya, shugaban ƙasa ya amince. Sai an ba ta wannan shaida sannan fasfon Najeriya ya halatta gare ta. Kafin nan, rubuta cewa an haife ta a Bagudo alhali a Kandi ko Malanbil aka yanke mata cibi, ba da bayanin ƙarya ne don samun fasfo, laifin da ke kai mutum kurkuku, kuma wanda ya tsaya mata da wanda ya taimaka duk suna ciki. Ku tuna kuma zamanin ya canza. An ɗauki hoton yatsunta lokacin da aka yi mata fasfon farko. Idan ta taɓa neman bizar wata ƙasa, mai yiwuwa can ma an ɗauka. Ran da yatsu ɗaya suka bayyana da mahaifa biyu da ranar haihuwa biyu, ita za a tsare a filin jirgi, ɗan cuwa-cuwar da ya karɓi kuɗin yana can yana harkarsa. Abin da ke ba ni takaici shi ne, hanyar halal ɗin a buɗe take gare ta, kuma wadda take 'yar Benin ta haihuwa tsarin mulkinmu bai tilasta mata jefar da ƙasar haihuwarta ba. Jinkiri ne kawai a ciki, mutane kuma jinkirin suke gudu.

Lambar NIN ma ba ta wanke ta. Hukumar NIMC tana yi wa baƙi mazauna ƙasa bisa ƙa'ida rajista, don haka lambar ba hujjar zama ɗan ƙasa ba ce. Katin zaɓe kuwa na 'yan ƙasa ne kaɗai, riƙe shi ga wadda ba ta zama ba wani laifin ne daban.

To wa zai ba ta sabon fasfo? Ƙasar da ta ba ta na farko. Babu ofishin Najeriya da ke da ikon buga fasfon Benin, komai sanayya. Benin tana da ofishin jakadanci a Abuja da ƙaramin ofishi a Legas. Nan ake kai rahoton ɓata, nan kuma ake samun takardar wucewa ta wucin gadi ga wanda zai koma gida ba shi da fasfo. Ga mutumin Bagudo, sau da yawa ƙasar Benin ta fi Abuja kusa. Idan matar tana da katin shaidar Benin na zamani mai ɗauke da hoton yatsu da tambarin ECOWAS, shi kansa takardar tafiya ne a tsakanin ƙasashen ƙungiyar, tana iya tsallakawa da shi ta ofishin iyaka. Benin ta yi wa al'ummarta rajistar yatsu tsakanin 2017 da 2018, hukumar ANIP ke riƙe da kundin, don haka wadda ta shiga wannan rajista ba sai ta fara tabbatar da ko ita wace ce daga tushe ba. Masu cewa a ɗora ta a kabu-kabu a bi ta daji sun san hanya, ban musa ba, amma tafiyar da ba a rubuta fitarta ba tana iya zama tambaya ran da aka zo neman katin zama ko rajistar zama 'yar ƙasa.

Game da gidan waya, abin da ake faɗa rabi gaskiya ne. Saƙon da aka yi wa rajista ko aka aika ta EMS yana da lambar bibiya mai haruffa da alƙaluma 13, wadda ke ƙarewa da NG idan daga Najeriya ya tashi, BJ idan daga Benin. Da wannan lamba ake shigar da cigiya a rubuce, a NIPOST ko a gidan wayar Benin, kuma ƙa'idar ƙungiyar gidajen waya ta duniya ta ba da wata shida daga aikawa don saƙon ƙasa da ƙasa. Ana biyan diyya idan an tabbatar ya ɓata, amma ƙayyadadden kuɗi ne kaɗan, ba zai biya kuɗin biza ko tikitin da ya ƙone ba. Amfanin cigiyar na gaske shi ne wasiƙar da za su ba ka mai cewa saƙon a hannunsu ya salwanta, domin ofishin jakadanci ya fi natsuwa da ita a kan bakin mai nema. Wanda ya ba direba a tasha ba shi da wannan. Ya je wurin shugabannin ƙungiyar direbobi da wuri, domin sau tari ambulan yana nan a aljihun mota ko a teburin kamasho, sannan ya rubuta sunan tashar da ranar da lambar motar a cikin rahoton 'yan sanda.

Idan bizar wata ƙasa ce manne a cikin fasfon, babu mai sake ba da ita sai ƙasar da ta bayar. Bizar ƙaura zuwa Amurka, wadda matan aure ke samu don bin mazajensu, wa'adinta ba ya wuce wata shida, don haka a sanar da ofishin jakadancin nan take, kada a zauna jiran ko saƙo zai ɓullo. Bizar Umara ta Saudiyya a kwamfuta take, haka bizar gajeriyar ziyara ta Najeriya tun watan Mayun 2025, Ingila ma ta koma wannan tsari ga mazauna ƙasarta. Masu cewa irin wannan biza ba ta ɓata sun yi gaskiya. Abin da suka bari shi ne ɗaure take da lambar tsohon fasfo, sabo kuma da sabuwar lamba zai zo, sai an gyara ko an sake nema kafin a nufi filin jirgi.

Wasu iyaye mata kan kwana da fargabar cewa 'ya'yansu ma sun shiga matsala. Ba su shiga ba. Sashe na 25 ya ce wanda ɗaya daga iyayensa ɗan Najeriya ne, shi ma ɗan Najeriya ne ta haihuwa, ko a Zagga aka haife shi ko a Kwatano. A dai karɓar musu takardar haihuwa daga hukumar ƙidaya ta ƙasa. Inda doka ta gaza, a ganina, shi ne wajen namiji ɗan Benin da ya auri 'yar Bagudo. Sashe na 26 bai ambace shi ba, kuma yunƙurin gyara shi a majalisar tarayya a watan Maris na 2022 bai kai ga zama doka ba. Shi sai dai izinin zama, ko ya cika shekara 15 ya nemi zama ɗan ƙasa ƙarƙashin sashe na 27, alhali 'ya'yansa 'yan Najeriya ne tun ran haihuwa.

Saura magana ɗaya da ke kama mutane bayan an ɗauka komai ya wuce. Wata biyu da ba da rahoto, sai ga ambulan ya fito, fasfo lafiya lau har da bizarsa. Ana murna, ana cewa an huta da neman sabo. Idan an riga an sanar da ƙasar da ta bayar, to akwai yiwuwar ta soke shi ta tura lambarsa kundin takardun tafiya da suka ɓata ko aka sace, wanda hukumar 'yan sandan duniya Interpol ke riƙe da shi tun 2002, kuma jami'an iyaka a ƙasashe da dama suna duba shi. Mai tafiya da irin wannan fasfo kamar mai riƙe da na sata ake ɗaukarsa. A mayar da shi ofishin jakadanci a tambayi matsayinsa kafin a sayi tikiti. Idan kuma sabon ya fito, a ɗauki hoton shafinsa na farko a ajiye a waya da kwafi a gida, sannan a kai shi ofishin shige da fice na Birnin Kebbi a sa sabuwar lambar a fayil ɗinta.