Bacolod: bikin murmushi da ya samo asali daga makoki

Duk watan Oktoba, titunan Bacolod da ke tsibirin Negros na ƙasar Filifin kan cika da ƴan rawa, kowa sanye da abin rufe fuska mai murmushi. MassKara ke nan.

An fara bikin a 1980, lokacin da harkar sukari, wadda yankin ya dogara da ita, ke tangal-tangal. Ranar 22 ga Afrilu kuma jirgin ruwan Don Juan ya yi karo da tankar mai, ya nutse da ƴan Negros da dama. Duk da haka hukumomin birnin suka ce a fito a taka rawa.

Yau unguwanni na gasa, otal-otal na cika maƙil. Masu saran rake kuwa har yanzu sukan shafe watanni babu aiki.