Kayan Ƙari A Jikin Mota: Wanne Ke Da Amfani, Wanne Ne Ado Kawai?

A ƙauyuka da yawa, idan Allah ya ba mutum amfanin gona mai kyau, ko ya sayar da shanun kiwo, yakan yi tunanin sayen mota. Wani don ya riƙa kai kaya kasuwa, wani don haya, wani kuma don iyali da kai mara lafiya asibiti. Da ya shiga wurin dillalai sai a fara lissafa masa abubuwan da motar ke da su: tana da na'urar sanyi, kujerunta na fata ne, rufinta yana buɗewa, gilasanta da maɓalli ake ɗaga su. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ana ɗora masa kuɗi a kan farashi.

Waɗannan su ake kira kayan ƙari. Mota tana tafiya ko babu su. Wasu daga cikinsu suna ceton rai, wasu suna rage wahala, wasu kuwa ba su da aiki sai cin kuɗin gyara. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na shekarar 2023, riƙe mota ya ƙara tsada, saboda haka ya kamata mai saye ya san abin da zai biya wa kuɗi da abin da zai ƙyale.

Don wace hanya aka ƙera motar?

Dattawa suna tuna Peugeot 504 da ake harhaɗawa a Kaduna, inda masana'antar ta fara aiki a 1975. Motar ba ta da wani ƙyale-ƙyale, amma tana da tudu daga ƙasa, kuma kowane makaniki ya san cikinta. Yawancin motocin da ake saye yanzu tsofaffi ne daga Turai da Amurka, waɗanda ake kira 'yan Kwatano. An ƙera su ne don ƙasashe masu sanyi da hanyoyi masu laushi. Abin da ya yi wa Bature amfani a cikin ƙanƙara ba lallai ne ya amfani manomin da ke bin hanyar burji ba.

Kafin mutum ya biya kuɗin kowane ƙari, sai ya yi wa kansa tambayoyi uku. Shin abin nan yana kare rai? Shin ya dace da hanyar da za a riƙa bi? In ya lalace, akwai mai gyara shi kusa, kuma ana samun kayansa a kasuwa?

Abubuwan da ke kare rai

Na farko shi ne bel ɗin kujera. Wannan ba ƙari ba ne, wajibi ne, amma an sa shi nan saboda sau da yawa ana samun tsofaffin motoci da bel ɗin baya a yanke ko a cushe ƙarƙashin kujera. Kamfanin Volvo ne ya fara sa irin wannan bel mai ratsa ƙirji da ƙugu a 1959. Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa yana rage haɗarin mutuwar wanda ke zaune a gaba da kusan rabi. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta fara tilasta ɗaura shi a 2003. Mai saye ya ja kowane bel da ƙarfi lokaci ɗaya. In ya cije, lafiyarsa ƙalau. In ya biyo hannu, sai an canza shi.

Na biyu shi ne birki mai hana taya cijewa, wanda ake rubuta wa ABS. Idan direba ya taka birki da ƙarfi a motar da ba ta da shi, tayoyi sukan daina juyawa, motar ta riƙa sulɓi, sitiyari kuma ya daina aiki. Wannan na'ura tana kamawa tana saki sau da yawa cikin daƙiƙa ɗaya, don direba ya iya kauce wa akuya ko yaro yana kan taka birki. In tana aiki ana jin birkin yana rawa a ƙarƙashin ƙafa. Wannan ba lalacewa ba ce, kada a ɗaga ƙafa. Sai dai a kan tsakuwa ko yashi motar tana iya ɗaukar tazara mai ɗan tsawo kafin ta tsaya, don haka ba dalilin yin gudu ba ne.

Akwai ɗan'uwansa, wato na'urar da ke hana mota juyawa idan ta fara zamewa a kwana. Turawa sun ga amfaninta har suka wajabta ta a duk sababbin motoci a ƙasashen Tarayyar Turai daga 2014. Idan aka sami motoci biyu masu farashi kusan ɗaya, mai wannan na'ura ta fi.

Na uku shi ne balan-balan da ke fitowa daga sitiyari lokacin haɗari. Tana da amfani ƙwarai, amma sai tare da bel. Wanda bai ɗaura bel ba, ita kanta tana iya ji masa rauni. Kada a rungume yaro a cinya a kujerar gaba. Wurin yara kujerar baya. A nan ma akwai ha'inci. Wasu motocin sun riga sun yi haɗari a ƙasar da aka ɗauko su, balan-balan ɗin ta fashe, aka rufe wurin aka shafa fenti. Hanyar ganewa ita ce a murɗa makulli a dubi fitilun da ke gaban direba. Fitilar balan-balan da ta ABS za su kama, bayan 'yan daƙiƙoƙi su mutu. In ba su kama ba sam, ko suka ƙi mutuwa, akwai matsala.

Abubuwan da suka dace da hanyar karkara

Tudun mota daga ƙasa ya fi duk wani ado. Motar da cikinta ke kusa da ƙasa za ta riƙa bugun dutse da kunyar hanya, har ta fasa kaskon baƙin mai ko ta yar da salansa. Idan baƙin mai ya tsiyaye direba bai lura ba, injin ya tafi. Farantin ƙarfe da ake ɗaurawa a ƙarƙashin injin ƙari ne mai araha, kuma yana biyan kuɗinsa.

Safaya cikakkiya ita ma tilas ce. Motoci da yawa daga waje suna zuwa da 'yar siririyar safaya wadda ba a so a wuce kilomita 80 a awa da ita, kuma an yi ta ne don ɗan gajeren zango. Wanda ke ɗaukar buhunan masara a hanyar da babu mai faci, gara ya nemi taya daidai da sauran. Ya kuma tabbatar akwai jak da sifanan taya, da abin kashe gobara, da alamar nan mai kusurwa uku da ake ajiyewa a bayan mota in ta lalace. Jami'an hanya suna tambayar na biyun ƙarshe.

Kowace taya tana ɗauke da ranar haihuwarta. A gefenta akwai lambobi huɗu a jere. Idan aka ga 2319, ma'anarsa an yi ta a mako na 23 na shekarar 2019. Tsohuwar taya tana iya zama da zane mai kyau amma robar ta bushe, kuma zafin kwalta na watan Afrilu ke fasa irinta.

Game da ƙarfen da ake ɗora taya a kai, akwai na baƙin ƙarfe, akwai kuma farin mai ƙyalli da samari ke so. Na baƙin ƙarfe in ya lanƙwashe a rami ana buga shi da guduma ya miƙe. Mai ƙyalli yakan tsage, sai dai a sayi wani. Haka kuma siririyar taya mai gajeren gefe tana da kyan gani, amma ba ta jure rami.

Fitilar hazo tana da amfani a arewa. Lokacin hunturu, idan hazo ya sauka, babbar fitila sai ta haske ƙurar ta dawo wa direba a ido. Fitilar hazo tana ƙasa-ƙasa, tana haska gefen hanya. Amma manyan fitilu masu kashe ido da wasu ke ƙarawa a gaban mota cuta ce ga mai tahowa, kuma suna jawo karo.

Sai motar da ke ja da ƙafa huɗu. Wanda garinsu ke yankewa da damina, ko yake bin yashi irin na arewacin Yobe da Jigawa, ita ce abokiyar tafiyarsa. Wanda kwalta ta kai ƙofar gidansa kuwa, ba ya bukatarta. Ta fi shan mai, tayoyinta sun fi tsada, kuma wuraren lalacewarta sun fi yawa.

Abubuwan da sai an auna

Na'urar sanyi tana cikin wannan rukuni. A Sakkwato da Maiduguri zafi yakan wuce digiri 40 a bazara. Mai ɗaukar tsofaffi, ko jarirai, ko marasa lafiya, zai gode mata. Tana ba da damar rufe gilashi a hanya mai ƙura, tana kuma share raɓar da ke rufe gilashin gaba idan ana ruwa. Amma tana ƙara shan mai, kuma gyaranta na da tsada. Idan dillali ya ce iskar ce kawai ta ƙare, a sani cewa iska ba ta ƙarewa sai da wurin yoyo. A kunna ta a jira minti goma ana duban allurar zafin injin kafin a yarda.

Giya mai canza kanta tana hutar da ƙafa a cunkoson birni kamar Kano. A ƙauye kuwa giyar hannu ta fi rufin asiri. In batir ya mutu ana tura motar ta tashi, abin da ba ya yiwuwa da mai canza kanta. Gyaran kuloci kowane gareji ana yi. Ita kuwa ɗayar tana bukatar manta na musamman da ƙwararren makaniki, kuma in aka zuba mata man da ba nata ba, akwatin giyar na iya lalacewa gaba ɗaya.

Gilashi mai maɓalli yana da daɗi, sai dai ƙura kan kashe ɗan injin da ke cikin ƙofa, gilashin ya maƙale a buɗe ana tsakar ruwa. Na hannu ba ya wannan. Kyamarar baya kuwa, mai nuna wa direba abin da ke bayansa, ta cancanci kuɗinta a gidan da ke da ƙananan yara masu wasa a ƙofar gida. A Amurka an wajabta ta a sababbin motoci tun 2018. Duk da haka, zagaya mota da ƙafa kafin a tayar da ita ya fi tabbas.

Wani sabon ƙari shi ne mayar da mota mai amfani da iskar gas, wadda gwamnatin tarayya ta fara ƙarfafawa a 2023. Gas ɗin ya fi fetur araha, amma tukunyarsa tana cinye wurin kaya, kuma ba ko'ina ake samun gidan sayar da shi ba. Mai so ya fara tabbatar akwai wurin sha a hanyar da yake bi. Kada kuma a yarda mai walda ya haɗa tukunya, ko a sa ta girki. A watan Oktoba na 2024 wata mota mai tukunyar jabu ta fashe a gidan gas a birnin Benin, mutane suka ji raunuka.

Abubuwan da ba su cancanci ƙarin kuɗi ba

Kujera mai ɗumama kanta an yi ta ne don ƙasar ƙanƙara. Rufi mai buɗewa yana shigo da rana, kuma idan ƙura ta toshe magudanansa ruwan sama yakan zubo cikin mota. Kujerar fata tana ƙuna in mota ta yini a rana, daga baya ta tsattsage. Ta yadi da aka sa wa riga ta fi. Makulli mai tayar da mota da maɓalli in ya ɓace, yin wani sai an je birni an biya kuɗi mai yawa. Manyan lasifikoki suna shanye batir, suna kuma hana direba jin ham ɗin na baya. Rediyo mai kama tasha ya isa, don jin labarai da farashin kasuwa. Baƙin gilashi kuwa yana rage gani da dare, kuma akwai dokar 1991 da ta taƙaita amfani da shi, saboda haka yakan jawo tsayawa a shingen 'yan sanda.

Duk waɗannan in sun zo da motar, ba laifi. Abin gudu shi ne a biya ƙarin kuɗi dominsu, alhali tayoyi sun tsufa.

Ranar ciniki

Kada mutum ya je shi kaɗai. Ya tafi da makanikin da ya amince da shi, ba wanda dillali ya kawo ba. A duba motar da rana, a taɓa kowane maɓalli, a hau ta a bi hanya mai gargada. Duk abin da aka ce ƙaramin gyara ne, a tambayi kuɗinsa a kasuwa a cire daga farashi. A lura da ɓangaren sitiyari: tun 1972 Nijeriya ta koma bin hannun dama, don haka sitiyari a hagu ya kamata ya kasance, kuma motar da aka sauya wa sitiyari daga dama abar tsoro ce. Motocin Amurka kuma da mil suke auna gudu. Idan allura ta nuna 60, motar tana gudun kusan kilomita 97 a awa.

Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Mai kuɗi kaɗan ya fara da birki, bel, tayoyi da fitilu. In da saura, ya nemi abin da ya dace da hanyar garinsu. Ado ya zo a ƙarshe, in aljihu ya yarda. Allah ya kiyaye hanya.