Yadda Haske Maras Ganuwa Ke Tona Abin Da Gawayin Tace Ruwa Ya Riƙe

A Kafanchan, Kwoi da Kachia, damina kan zo ne da feshin maganin ciyawa a gonakin citta da masara, kuma wani ɓangare na maganin kan bi ruwan sama ya gangara rafuka. Cikin abubuwan da ke iya raba ruwa da irin wannan guba akwai gawayin tacewa.

Wannan gawayi ya bambanta da na girki da ake jibgewa a buhuna a bakin hanya. Ana ƙona totuwar masara ko ɓawon gyaɗa inda iska ba ta shiga sosai, sannan a sake gasa shi da tururi a zafin da ya kai digiri 800. Hakan kan buɗe masa ƙananan ramuka masu ɗimbin yawa, ta yadda faɗin cikin giram ɗaya kan wuce murabba'in mita 500.

Sai dai shin gubar mannewa kawai ta yi, ko kuwa ta wargaje? Amsar tana wurin hasken infurared, wanda William Herschel ya gano a Ingila a 1800. Kowane haɗi tsakanin ƙwayoyin zarra yana da irin kaɗawarsa, yana kuma shanye wani yanki na hasken, sai na'urar FTIR ta zana hakan a jadawali. Alama mai faɗi kusa da lamba 3400 tana nuna haɗin oksijin da haidurojin, ta kusa da 1700 kuwa haɗi mai ninki biyu tsakanin kabon da oksijin.

Gawayi baƙi ne, yana haɗiye haske fiye da kima, shi ya sa ake niƙa ɗan kaɗan da gishirin potasiyam buromaid, a matse ya zama siririn faifai. Ana auna shi kafin tacewa da bayanta. Idan alamomin maganin suka bayyana yadda suke, ko suka ɗan gusa, ya manne ne. Idan wasu baƙin alamomi suka ɓullo a madadinsu, akwai alamar ya rarrabu. Masu bincike kan kai samfura domin irin wannan awo Cibiyar Binciken Fasahar Sinadarai ta Ƙasa, NARICT, da ke Basawa, Zariya.

Bambancin ba ƙarami ba ne. Gawayin da ya riƙe guba ba tare da ta wargaje ba yakan cika, ya daina aiki, kuma idan aka zubar da shi kusa da rijiya yana iya sakin ta. Jadawalin ma ba ya faɗin yawan gubar da ta rage, don haka dole a gwada ruwan da kansa kafin a sha.