Wagadugu: Garin da ake bai wa matan fim kambun Sarauniya

IDAN aka ce "mace a harkar fim", me ke fara faɗo maka a rai, mai karatu? Na san amsar: jarumar da ke kan fosta, ta ci kwalliya, ko wadda ta iya rawa da mamin a waƙa. To amma wa ke riƙe da kyamara? Wa ya rubuta labarin? Wa ke cewa "a yanke" a lokeshin? Wannan tambayar ce ta haifar da wani biki na musamman a birnin Wagadugu na ƙasar Burkina Faso, wanda ya kamata 'yan fim ɗinmu su san da shi.

A Wagadugu ne ake yin FESPACO, bikin finafinai mafi girma a Afrika, tun 1969. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, mace ce ta shugabanci kwamitin da ya shirya na farko, wato Alimata Salembéré. Babbar lambar bikin ma sunan mace gare ta: Ingarman Yennenga, gimbiyar mayaƙiya da Mosawa ke cewa ita ce kakarsu. Wanda ya fara cin lambar a 1972 kuwa ɗan Nijar ne, Oumarou Ganda, da fim ɗinsa Le Wazzou Polygame.

Ga abin mamakin: daga 1972 har zuwa bikin 2025, babu mace ko ɗaya da ta ɗauki Ingarman Zinare na babban fim mai ƙagaggen labari. Sun dai sha kai wa bakin ƙofa. Djamila Sahraoui ta Aljeriya ta zo ta biyu a 2013 da fim ɗin Yema, haka Apolline Traoré 'yar Burkina ta zo ta biyu a 2023 da Sira. A ɓangaren fim na gaskiya ne Chloé Aïcha Boro ta ci zinare a 2019. Suna na mace, kambu na maza. Ka ji fa!

Bikin mata zalla

A watan Maris na 2010, dab da Ranar Mata ta Duniya da ake yi ran 8 ga wata, hukumar FESPACO ta buɗe wani biki daban da ake kira JCFA a taƙaice, wato ranakun finafinan matan Afrika. An tsara shi ne ya riƙa faɗowa a shekarar da ba a yin babban bikin. Daraktoci, furodusoshi, 'yan wasa, masu tace hoto, duk mata, daga ƙasashe da harsuna daban-daban, su haɗu su nuna aikinsu, su tattauna matsalolinsu: rashin jari, rashin kasuwa, da raini.

Ba gasa aka shirya ba, ba a ce wance ta kayar da wance ba. Kambun karramawa ake bayarwa, kuma a nan ne abin ya taɓo mu, domin sunan kambun Sarauniya. E, Sarauniya Mangu ta garin Lugu a ƙasar Arewa ta Nijar, wadda ta tsaya ta yaƙi rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine a 1899, lokacin da garuruwa da dama suka miƙa wuya. Marubuci Abdoulaye Mamani ya mayar da tarihinta littafi a 1980, darakta Med Hondo ya mayar da shi fim a 1986, Aï Keïta ta fito a matsayin Sarauniya, fim ɗin kuma ya lashe Ingarman Yennenga a 1987.

Ba biki kawai ba ne

Wani zai ce, to me ya yi zafi har sai mata sun ware nasu taron? Duba rayuwar Zalika Souley, tauraruwar Nijar da ta fito a fim ɗin Ganda da ya ci waccan lambar. Saboda tana fitowa a muguwa, jama'a suka ɗauka halinta ke nan, ta sha zagi a gari. Da masana'antar fim ta Nijar ta durƙushe, sai ta koma cikin talauci a Yamai. Ba don wata mace, Rahmatou Keïta, ta ɗauki kyamara ta yi fim a kanta mai suna Al'lèèssi a 2004 ba, da matasa da yawa ba su san ta ba kafin rasuwarta a 2021.

A bikin FESPACO na 2019 kuma, matan fim sun fito fili sun faɗi irin cin zarafin da suke gamuwa da shi a wurin aiki. Azata Soro, wadda wani darakta ya yanke ta a fuska da fasasshiyar kwalba suna tsakiyar aiki, ta ba da labarinta a gaban jama'a. Maganar da aka daɗe ana yi a ɗaki, ranar ta fito tsakar gida.

Mu fa?

Mu ma muna da abin nunawa. Hajiya Balaraba Ramat Yakubu ta rubuta ta kuma shirya Juyin Sarauta, Rahama Sadau ta shirya Rariya, ga Aïcha Macky 'yar Damagaram da ta zagaya duniya da fim ɗinta Zinder na 2021. Sai dai in ka je lokeshin a Kano ko Kaduna ka ƙirga matan da ke bayan kyamara, ba za ka gaji da ƙirga ba.

Don haka ke 'yar'uwa mai aiko mana da wasiƙa kina tambayar yadda za ki zama jaruma, ki ƙara da wata tambayar: yaya ake koyon rubuta labari, ɗaukar hoto, ko ba da umarni? Farin jinin jaruma yakan wuce da ƙuruciya, amma mai sana'a a hannu tana nan ana nemanta. Ingarman Zinaren nan dai har yanzu yana jiran mace ta farko, kuma babu inda aka rubuta cewa ba za ta zama Bahaushiya ba.