Tsohuwar Mota Da Shan Baƙin Mai: Ina Iyakarsa?

In kaka ta yi, amfanin gona ya shigo gida, sai ka ji manomi ya ce, bana kam sai na sayi 'yar akori-kura in huta da biyan kuɗin kai hatsi Dawanau. Ɗan kasuwa da malamin ofis su ma kowa da irin wadda ya ke hange. Tun da ya ke sabuwa ta fi ƙarfin yawancinmu, ta hannu a kan nema, ko 'yar Kwatano ko wadda wani ya riga ya mora a nan gida. To, ba abin da ya fi rikita mai irin wannan mota kamar baƙin mai. Wani da ya ga mai ya ragu kaɗan sai hankalinsa ya tashi, ya kai a kwance masa injin da lafiyarsa lau. Wani kuwa bai kula ba sam, sai ran da inji ya buga masa a dokar daji, ga kwandunan tumatir suna ruɓewa a rana. Dukansu biyu hasara suka yi, kuma abu guda ya jawo musu, watau rashin awo.

Da farko ya kamata a sani, kowane inji yana shan baƙin mai, ko da jiya ya fito daga masana'anta. Dalili kuwa, fistan yana hawa da sauka cikin silinda sau dubbai a minti guda, mai ne ke shafe bangon don kada ƙarfe ya ci ƙarfe. Akwai zobba a jikin fistan, waɗanda bakanike ke kira ringi, su ke share man su mai da shi ƙasa. Amma duk kyaunsu sai ɗan kaɗan ya saura, wuta ta ƙone shi tare da fetur ko gas. Wannan ba ciwo ba ne. In inji ya tsufa, ringi sun lashe, sai abin da ke saura ya riƙa ƙaruwa.

Su masu ƙera motoci sun faɗi iyakar da suka yarda da ita. A cikin littattafan motocin Toyota da yawa an rubuta cewa inji yana iya shan har lita 1 a tafiyar kilomita 1,000. Na Volkswagen da yawa sun ce rabin lita. Amma a lura, wannan ita ce iyaka ta can ƙarshe, lafiyayyen inji ba ya kusantarta. Kilomita 1,000 kuwa kusan tafiyar Kano zuwa Ikko ke nan.

Shawararmu ga mai tsohuwar mota ita ce. In kana yin juye bayan kowace kilomita 5,000, abin da ka ke ƙarawa tsakanin juye da juye bai wuce lita guda ba, to, ka gode Allah, injinka garau ya ke. In lita guda tana ƙarewa a wajen kilomita 2,000, tsufa ya fara, sai a riƙa sa ido. In kuwa ba ta kai kilomita 1,000, lalle akwai ciwo, a nemi bakanike. Haka kuma in shan ya ƙaru farat ɗaya cikin mako biyu ko uku, ko da bai kai iyakar nan ba, ruwa ba ya tsami banza.

Yadda za ka auna ba wuya. Ka tsai da mota a wuri mai baje, ka kashe ta, ka dakata kamar minti goma mai ya koma ƙasa. Ka zaro sandar awon mai, ka goge ta da tsumma mai tsabta, ka mayar har ƙarshe, sa'an nan ka sake zarowa ka duba. Akwai zane biyu a jikinta, na sama da na ƙasa, a yawancin ƙananan motoci abin da ke tsakaninsu kimanin lita guda ne. Ka cika zuwa zanen sama, kada ka zarce, gama mai in ya yi yawa kumfa ya kan yi, ya kuma matsa wa robobin inji har su fara yoyo. Ka sami ɗan littafi ka rubuta kwanan wata da lambar da agogon tafiya ya nuna. Duk ran da ka ƙara mai ka rubuta yawansa. In agogon ya mutu, kamar yadda ya ke a motoci da yawa, ka riƙa ƙirga sawu, tun da ka san nisan garinku da kasuwa. Wata guda ya isa littafin nan ya gaya maka gaskiyar da dillali bai gaya maka ba.

In ka tabbata mai yana tafiya fiye da kima, sai a nemi ta inda ya ke bi. Hanya biyu ce, ko yana zuba ko yana ƙonewa. Ka shimfiɗa kwali a ƙarƙashin inji da dare, ka duba da safe. In ka ga ɗigo, wataƙila gasket ne, ko wata roba, ko kuwa noti na juye da ba a ɗaure da kyau ba. Yawancin wannan gyara mai sauƙi ne. In ba ɗigo, sai ka koma wajen salansa ka dubi hayaƙi. Baƙin hayaƙi na fetur ne ko gas da ya yi yawa. Fari mai kauri da ba ya yankewa bayan inji ya ɗumama, ruwa ne ke shiga. Shuɗi shuɗi mai ƙauri, shi ne na baƙin mai.

Shi shuɗin ma iri iri ne. In da safe kaɗai ya ke fita, lokacin da aka ta da mota, ko bayan ta daɗe tsaye inji na aiki, galibi robobin bawul ne suka bushe, mai na silalowa daga sama. In kuwa sai an taka totur, ko an ɗauko kaya ana hawan tudu, to, zargi ya koma kan ringi, wannan kuwa shi ne babban aiki. Kafin ka yarda a kwance inji, ka sa a duba ɗan bawul ɗin nan da ke fid da iska daga cikin inji, wanda a ke kira PCV. Abu ne ƙarami mai araha, amma in ya toshe ya kan sa inji shan mai da yoyo kamar wanda ya ƙare. Ka kuma nemi bakanike mai na'urar auna ƙarfin matsi na kowace silinda. In mota mai tabo ce, shi ma a duba shi, don ya kan zubo mai cikin inji in ya gaji.

Ga mai shirin saye, kada ka yi cinikin biri a sama. Ka je da sassafe, ka taɓa inji ka ji da sanyi kafin a tayar, don wanda aka riga aka ɗumama ya kan ɓoye hayaƙin farko. Ka tsaya a baya wani ya tayar. In ya ɗumama ka buɗe murfin zuba mai a hankali, in hayaƙi na bubbugowa da ƙarfi, ringi sun gaji. In ka ga wani abu kamar kindirmo a murfin, ruwa yana iya zama ya haɗu da mai. Ka taɓa man da yatsa, in ya yi kauri kamar zuma, mai yiwuwa an zuba ne don a rufe aibi. Injin da aka wanke fes ranar ciniki shi ma abin tambaya ne. Wasu injuna kuma an san su da wannan hali. Misali Camry ta 2007 zuwa 2009 mai inji 2.4, a shekarar 2011 kamfanin Toyota da kansa ya sanar da bakanikensa na Amurka maganar shan manta, maganin kuwa sauya fistan da ringi. In irinta ka ke nema, ka tambaya ko an yi mata aikin.

Abin da ke saurin tsufar da inji a ƙasarmu sananne ne. Na farko ƙura, musamman da hunturu da kuma hanyoyin gona. In matatar iska ta yage, ko an cire ta, ƙura ta shiga silinda, sai ta riƙa cin ringi kamar yadda dutsen wasa ke cin lauje. Na biyu lodi fiye da kima da barin inji ya yi zafi. Na uku jinkirin juye, da sayen man da ba a san asalinsa ba a cikin buɗaɗɗiyar kwalba. Ka sayi mai a rufe, irin kaurin da littafin motarka ya faɗa. Araha ba ta ado.

Injin da ke ɗan shan mai ya kan yi shekaru yana aiki muddin ba a bar shi ya bushe ba. Ka lissafa kuɗin man da ka ke ƙarawa a wata, ka gwada da kuɗin gyara, sa'an nan ka yanke shawara. Amma ka riƙa dubawa kowace safiya kafin lodi, da galan ɗinka a mota. Kada ka jira jar fitilar mai, gama ita sai mai ya kasa zagaya inji ta ke kamawa. In ta kama kana tafe, ka tsaya nan take ka kashe.

Duk abin da muka faɗa ya shafi tarakta da injin ban ruwa, sai dai su da awa a ke lissafinsu. Tsohon man juye kuwa kada a zubar da shi a gona ko kusa da rijiya, kada kuma a shafa wa dabba a gyambo, guba ne. Allah ya ba mu kaka mai albarka, ya kiyaye hanya.