Mai Son Zama Malami Ya Fara Da Hidimar Ajin Yara

Yabo da godiya su tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, kowace shekara samari da 'yan mata suna gama sakandare su zauna watanni suna jiran sakamako ko gurbin karatu, daga cikinsu akwai masu niyyar shiga kwalejin horon malamai. Ɗan kasuwa yakan ajiye nasa ɗan a shago, ma'aikaci kuwa ya bar nasa a gida. Shawararmu ga iyaye ita ce, duk yaron da ya ce koyarwa yake so, a kai shi wurin hedimastan firamaren unguwa, ya sa kai ya taimaka a aji ɗaya na tsawon zango guda, ba don albashi ba.

Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. A tsangaya almajiri yakan tashi daga kolo zuwa titibiri, sannan ya zama gardi, kuma tun yana gardi yake biya wa ƙanana karatu, yana rubuta musu allo, malam yana gefe yana gyara masa kuskure. Kafin a kira shi malam ya riga ya shekara da shekaru yana koyarwa a gaban wanda ya fi shi sani. Turawan Ingila ma sun yi irin wannan tsari daga 1846, inda yaro ɗan shekara 13 yakan yi shekara 5 yana koyon aiki ƙarƙashin babban malami.

Me ya sa muke tayar da maganar? A 1976 gwamnatin Janar Obasanjo ta buɗe shirin ilmin firamare kyauta ga kowa, watau U.P.E. Yara suka zo fiye da yadda aka ƙiyasta, aka shiga horar da malamai cikin gaggawa, a shekarar ce kuma aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna. Daga baya aka mai da takardar N.C.E. ta zama mafi ƙarancin shaidar da ake koyarwa da ita. Duk da haka, a 2017 gwamnatin Jihar Kaduna ta bayyana cewa malaman firamare 21,780 cikin kimanin 33,000 ba su kai makin da aka gindaya ba a jarrabawar da ta yi musu. An yi ta jayayya a kan yadda aka gudanar da jarrabawar, amma abin ya tunatar da mu cewa takarda kaɗai ba ta yin malami. Mutane da yawa suna shiga kwaleji ba su taɓa tsayawa gaban yara ba, sai lokacin gwajin koyarwa suke gane ba su da haƙurin aikin, alhali shekaru sun tafi, kuɗin iyaye sun ƙare. Sai su riƙe aikin a kan dole, 'ya'yan talakawa su ɗauki asarar.

To, me mai sa kai zai yi a aji? Makon farko ya zauna a baya ya zuba ido kawai. Ya lura da yadda malamin aji yake kiran suna, da yadda yake raba allo, da abin da yake yi in surutu ya tashi. Ya riƙe ɗan littafi yana rubuta abin da ya gani. Bayan haka sai malamin ya ware masa yara biyar ko shida waɗanda aka bari a baya, ya zauna da su a gindin bishiya yana haɗa musu baƙi da wasali, yana nuna musu bambancin k da ƙ, da d da ɗ, suna ƙidaya da tsakuwa ko marfin kwalba. A nan zai gane cewa yaron da ake ce wa daƙiƙi sau da yawa bai karya kumallo ba ne, ko kuwa idonsa ba ya hango allo daga inda yake zaune. A ajin da yara suka yi wa malami ɗaya yawa, wannan taimako ba ƙarami ba ne.

Sai dai aikin amana ne, yana da sharuɗɗa, kuma magabata sun yi bayaninsu. Muhammadu ɗan Sahnunu, malamin Malikiyya na Ƙairawan wanda ya rasu a shekara ta 256 bayan Hijira, ya wallafa littafi a kan ladubban malaman yara mai suna Adabul Mu'allimina. A ciki ya wajabta wa malami daidaita ɗan mai kuɗi da ɗan talaka, ya hana shi aiken yara don biyan bukatar kansa, ya kuma ƙuntata duka ƙwarai. Ibnu Khalduna kuma ya bayyana a Muƙaddima cewa tsananta wa yaro yana koya masa ƙarya da kasala, domin tsoro yakan sa ya ɓoye abin da ke zuciyarsa. In haka hukuncin malami cikakke yake, to mai koyon aiki ba shi da ikon ɗaga bulala ko kaɗan. Kada ya keɓe da yaro ko yarinya inda ba a ganinsu. Kada ya kai sirrin gidan yaro majalisa. In ya yi alkawarin zuwa kwana uku a mako, ya cika, gama yara suna ƙirga ranakun zuwansa, kuma daga gare shi suke koyon darajar alkawari.

Muna kuma jan kunnen hedimastoci kada su sakar wa mai sa kai aji su tafi harkokinsu. Shi ɗalibi ne, kuma zuwansa bai sauke wa hukuma nauyin ɗaukar ƙwararrun malamai da biyansu haƙƙinsu a kan kari ba.

Ya ku 'yan kasuwa, kwalin alli da littattafan rubutu da kuɗin motar da za ku ba irin waɗannan matasa ba za su rage jarinku ba, muna kuma fatan a rubuta muku su cikin sadaka mai gudana. Ku kuma ma'aikata, ku daina nuna wa 'ya'yanku cewa koyarwa aikin wanda ya rasa mafita ne. Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello ya gama Kwalejin Katsina a 1931 ya koyar a Midil ta Sakkwato, Abubakar Tafawa Ɓalewa ya gama a 1933 ya koyar a Midil ta Bauci, Malam Aminu Kano shi ma da alli ya fara.

In zangon ya ƙare yaro ya ce wannan aiki ba nasa ba ne, an tsirar da shi da yaran da za a danƙa masa, sai ya nemi wata sana'a tun da sauran lokaci. In kuwa ya ce zai ci gaba, zai shiga kwaleji yana sane da nauyin da zai ɗauka, darussan da za a karanta masa kuma za su zauna a kan abin da ya riga ya gani da idonsa. Allah Ya shirya mana zuriya, Ya saka wa malamanmu da alheri, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, amin.